Sayen fili a bakin teku a tsibiran ƙetare: Me mai saye yake samu a hannunsa?

Tallar filaye da gidajen bakin teku a tsibiran ƙasashen waje ta daɗe tana farautar Turawa masu shirin ajiye aiki, yanzu kuma tana isowa wayoyin 'yan kasuwa da manyan ma'aikatanmu. Hoton kusan ɗaya ne a ko'ina: farin rairayi, shuɗin ruwa, bishiyoyin kwakwa, sai alƙawarin cewa wanda ya saya yau zai samu wurin hutawa idan ya yi ritaya, kuma kafin lokacin farashi ya ninka. Sunayen da aka fi ji su ne Zanzibar da Morishus da Bali da Cape Verde da tsibiran Karibiyan.

Abin da tallar ba ta cika fayyacewa ba shi ne abin da zai shiga hannun mutum bayan ya biya. A da yawa daga cikin waɗannan tsibirai doka ba ta yarda baƙo ya mallaki ƙasa ba. Abin da ake ba shi izinin amfani ne na wasu shekaru, tare da sharuɗɗa, kuma wasu daga cikin sharuɗɗan sun ci karo da ainihin niyyar mai son ya sayi fili ya ajiye shi har zuwa tsufa.

Zanzibar ce misalin da ya fi dacewa a tsaya a kai, domin ita ta fi kusa da zuciyar mai saye daga Arewa. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, masallatai a kowace unguwa, abinci babu shakku, kuma jirgin Habasha kan kai mutum can daga Najeriya ta Addis Ababa. Hatta harshen Swahili yana cike da kalmomin da kunnen Bahaushe ya sani: dillali a can sunansa dalali, alƙali kuma kadhi.

Ƙasar Zanzibar ta wa ce?

Zanzibar manyan tsibirai biyu ce, Unguja da Pemba, da wasu ƙanana a kewayensu, a tekun Indiya. Ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum kusan miliyan 1.9. A ranar 12 ga Janairun 1964 aka yi juyin juya halin da ya kifar da mulkin Sultan, kuma a ranar 26 ga Afrilun wannan shekara ta haɗe da Tanganyika aka samar da Tanzaniya. Sai dai haɗewar ba ta shafi komai da komai ba. Zanzibar tana da shugabanta da majalisarta da kotunanta, kuma batun ƙasa yana cikin abubuwan da ta riƙe a hannunta. Saboda haka lauyan da ya ƙware a dokar filaye ta Darussalam ba lallai ne ya san ta Unguja ba.

Bayan juyin juya halin, gwamnatin Abeid Amani Karume ta mayar da ƙasa mallakar hukuma, ta karɓe manyan gonakin kanumfari da kwakwa, ta rarraba wa talakawa eka uku-uku. A kan wannan tushe aka gina dokar da ake aiki da ita yau, wato Dokar Riƙon Ƙasa ta 1992. Dokar ta ce duk ƙasar Zanzibar ta al'umma ce, tana hannun shugaban Zanzibar a matsayin amana. Mafi girman haƙƙin da mutum zai samu shi ne haƙƙin zama a kan fili, kuma wannan an keɓe shi ga ɗan Zanzibar kaɗai. Ko ɗan Tanzaniya da ya fito daga babban yankin ƙasar ba ya samun sa, balle ɗan Najeriya.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa neman takardar fili a Kano ko Abuja. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma takardar da muke kira C of O izini ce, galibi ta shekara 99. Bambancin shi ne a gida kai ɗan ƙasa ne, kana matakin farko. A Zanzibar kana mataki na biyu: haya kawai za ka iya karɓa, wadda doka ta yarda ta kai shekara 99, ana biyan kuɗin ƙasa duk shekara.

Akwai wani abu a dokar 1992 da kan ba baƙi mamaki. Ta amince da tsohuwar al'adar tsibirin cewa ana iya mallakar bishiya daban da ƙasar da take kai. Ke nan fili yana iya zama na wani, kwakwar da ke cikinsa ta wani, ko ma ta magada goma da suka gaje ta daga kaka. Wanda ya biya kuɗin fili bai bincika na bishiya ba, ranar da ya kawo masu sara zai san cewa ciniki bai ƙare ba. Haka nan filayen eka uku da aka raba bayan 1964 an bayar da su ne don noma, kuma hukumomi sun sha nanata cewa ba na sayarwa ba ne, amma hakan bai hana dillalai yanka su suna tallatawa ba.

A ƙauyukan gaɓar teku irin su Paje da Jambiani da Matemwe da Nungwi, ciniki kan fara ne da dillali, ya kai mutum wurin mai fili, a rubuta takarda, a kai wa sheha ya sa hannu. Sheha shi ne kwatankwacin mai unguwa ko dagaci, gwamnati ce ke naɗa shi. Sa hannunsa yana da amfani wajen shaida cewa an san mai sayarwa a garin, amma ba ya mayar da baƙo mai haƙƙi. Tun 1994 doka ta tanadi cewa sauya hannun fili ko bayar da haya mai dogon wa'adi sai da amincewar hukumar da aka kafa don haka. Takardar da ba ta bi ta can ba, ba a kuma yi mata rajista a Hukumar Filaye ba, rasit ce kawai ta kuɗin da aka bayar.

Ƙofofin da doka ta buɗe

Hanya ta farko ita ce ta masu zuba jari. Mutum ya kafa kamfani, ya gabatar da shirin aikinsa ga hukumar bunƙasa zuba jari ta Zanzibar, wato ZIPA, idan ta amince sai gwamnati ta ba shi hayar fili. An tsara wannan hanya ce domin masu gina otal da rukunin gidaje, kuma ana tambayar jari mai kauri da jadawalin aiki. Ba a yi ta don magidancin da ke son ɗaki uku da tsakar gida ba.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da ɗaiɗaikun mutane. Dokar da aka yi a 2010 kan gidajen haɗaka ta ba da dama baƙo ya sayi gida ko sashen bene a cikin rukunin da gwamnati ta amince da shi, ya samu takarda da sunansa, ya iya sayarwa ko bayar da haya ko barin gado. Rukunin Fumba Town da ke kudu da birnin Zanzibar yana cikin waɗanda aka fi sani a wannan tsari. Amma ko a nan, ƙasar da ginin yake kai haya ce da kamfani ya karɓa daga gwamnati. Haƙƙin mai gida ba zai wuce na kamfanin tsawo ba, don haka tambayar farko ita ce yaushe hayar uwa ta fara, shekara nawa suka rage.

A 2021 gwamnatin Shugaba Hussein Ali Mwinyi ta ƙara wa wannan hanya armashi, inda ta sanar cewa baƙon da ya sayi gida na aƙalla Dala 100,000 a irin waɗannan rukunai zai iya samun izinin zama shi da iyalinsa. Izini ne da ake sabuntawa, yana rataye da mallakar gidan, kuma ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce. Tanzaniya ba ta yarda baligi ya riƙe fasfo biyu ba. Morishus tana da makamancin tsarin, sai dai nata ya fi tsada: baƙo yana saye ne a rukunan da Hukumar Raya Tattalin Arziki ta amince da su, kuma izinin zama yana farawa daga gida na Dala 375,000.

Galibin irin waɗannan gidaje ana sayar da su ne tun suna kan takarda, kafin a kafa tubali. A nan ne haɗari ya fi yawa, kuma ba sai a Afirka ba. A watan Nuwamban 2018 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, FTC, ta kai ƙarar masu wani shiri mai suna Sanctuary Belize a gaɓar tekun Karibiyan. An sayar wa Amurkawa filaye, da yawansu masu shirin ritaya, da alƙawarin asibiti da filin jirgin sama da otal da shaguna. Hukumar ta ce asarar ta haura Dala miliyan 100. Waɗanda aka damfara masu ilimi ne, sun karanta takardu, wasu ma an kai su sun ga wurin da idonsu. Abin da suka gani daji ne da bakin ruwa mai kyau, sauran kuma zane ne a allon kwamfuta.

Matsalar "sai na yi ritaya"

Bahaushe ya saba da fili a matsayin asusu. Ka saya a bayan gari, ka kafa shaida a kusurwa huɗu, ka manta da shi shekara goma sha biyar, gari ya iske shi. Wannan dabara ce take jan hankalin mai shekara 45 ya ce bari ya kama fili a bakin teku yanzu, ya gina idan ya cika 60 ko shekara 35 a bakin aiki.

Tsibirai ba sa son wannan dabara, kuma dalilinsu a fili yake: ƙasarsu kaɗan ce. Duk kadadar da baƙo ya killace ya tafi, an hana ɗan gari noma ko gini a kanta, gwamnati kuma ba ta samun haraji ko aikin yi daga gare ta. Shi ya sa hayar filin gwamnati kan zo da sharaɗin raya wurin cikin wa'adi, kuma saɓa sharaɗin dalili ne na ƙwacewa. Ƙasar Fiji ta fi kowa fito da abin ƙarara. A 2014 ta gyara dokarta, ta wajabta wa baƙon da ya sayi filin zama ya gina gida na aƙalla Dalar Fiji 250,000 cikin shekara biyu, ko ya fuskanci tara. Dokar ta haɗa har da waɗanda suka saya tun kafin a yi ta, ciki har da masu jiran ritaya da ba su tanadi kuɗin gini ba tukuna.

Sannan agogon haya yana tafiya ko an gina ko ba a gina ba. Idan shekara 99 ce, abin da sauƙi. Amma a Tailan, inda tsibiran Phuket da Samui suke, doka ta tsayar da hayar fili a shekara 30. Dillalai kan tallata ta a matsayin talatin sau uku, wato casa'in, alhali talatin na farko ne kawai ake yi wa rajista, sauran alƙawari ne da magajin mai fili zai iya ƙin cikawa. Wanda ya karɓi irin wannan haya yana da shekara 45, ya tare yana da 60, rabin wa'adinsa ya tafi a kan ciyawa.

Ga kuma abin da kowa ya sani a gida: filin da babu mai shi a kusa ba ya zama babu kowa. Maƙwabci zai matso da shinge, wani zai shuka rogo, masunta za su ci gaba da bi ta ciki zuwa jiragensu kamar yadda kakanninsu suka yi. Idan wanda ke zaune a Kaduna yana fama da filinsa na Kano, ina ga wanda sai ya nemi biza ya hau jirgi biyu kafin ya ga nasa?

Saye da sunan ɗan gari

Da zarar baƙo ya ji doka ta hana shi, sai a kawo masa mafita: a sayi filin da sunan wani amintaccen ɗan gari, a rubuta yarjejeniya a gefe cewa na baƙon ne. Wani lokaci amintaccen direba ne, wani lokaci mata ce da aka aura a can, wani lokaci kamfani ne da aka jera sunayen 'yan ƙasa a matsayin masu rinjayen hannun jari alhali ba su sa ko sisi ba.

Wannan ita ce hanyar da ta fi cinye kuɗin mutane. A Indonesiya, inda Bali da Lombok suke, dokar ƙasa ta 1960 ta keɓe cikakkiyar mallaka ga 'yan ƙasa, kuma ta ce duk cinikin da aka shirya don a miƙa ta ga baƙo, kai tsaye ko a kaikaice, ɓatacce ne, filin ya koma ga gwamnati, kuɗin da aka biya kuma ba a neman su. Kundin tsarin mulkin Filifin na 1987 ya hana baƙi mallakar ƙasa, sai dai sashen bene, shi ma kada rabon baƙi ya wuce kashi 40 cikin 100 na ginin. A Tailan iyakar kashi 49 ce. A Kenya, mai tsibiran Lamu da Mombasa, tsarin mulkin 2010 ya taƙaita baƙo ga hayar da ba ta wuce shekara 99 ba.

A duk waɗannan wurare sunan da ke kan takarda shi ne mai fili. Idan amintaccen ya sayar, ko ya jinginar a banki, ko aure ya mutu, baƙon da ya je kotu zai fara ne da bayyana wa alƙali cewa ya shirya kauce wa doka. Ko amintaccen bai ci amana ba, shi ma mai mutuwa ne, kuma 'ya'yansa za su tarar da filin a cikin abin da ubansu ya bari.

Akwai tsibiran da suka yarda baƙo ya mallaki fili da sunansa, Cape Verde na cikinsu, ga ta kuma mamba a ECOWAS. Can aikin ya koma na tantance rajista da iyaka, kuma takardun duk da harshen Fotugal ake rubuta su.

Bakin tekun kansa

Kalmar da ke ninka farashi ita ce "a bakin ruwa". Amma rairayin da ke gaban filin kusan a ko'ina na jama'a ne, kuma doka kan hana gini sai an ja baya da wasu mitoci daga iyakar da ruwa ke kaiwa idan ya cika. A Morishus akwai zirin ƙasa mai faɗin sama da mita 80 da ya bi gaɓar teku tun zamanin mulkin Faransa, wanda mallakar gwamnati ne, haya kawai ake bayarwa a cikinsa. Fili mai zurfin mita 50 da aka ce a ja baya mita 30, abin da ya rage na gini bai kai rabi ba, amma an biya kuɗin duka.

Tsibirin Boracay na Filifin ya nuna abin da kan faru idan gwamnati ta waiwayo. A 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa tsibirin ƙasar gwamnati ce, duk da cewa mutane sun shekara da shekaru suna biyan haraji suna gina otal-otal a kai. A ranar 26 ga Afrilun 2018 Shugaba Rodrigo Duterte ya rufe shi ga masu yawon buɗe ido na wata shida, aka bi gine-ginen da suka shiga cikin mita 30 na bakin ruwa ana rushewa.

Bayan hukuma sai teku. Duk wanda ya san Legas ya san yadda ruwa ya riƙa cin Bar Beach yana hawowa titin Ahmadu Bello, har sai da aka yi katafaren aikin cike teku da jera duwatsu na Eko Atlantic. Wannan aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni. Mai gida ɗaya a Jambiani ba shi da wannan ƙarfi, kuma katangar da zai gina don kare kansa sau da yawa takan tura zaizayar ce zuwa filin maƙwabci. Gaɓar da take da dutse a ƙasa ta fi ta rairayi jurewa, ko da yake ba ta kai ta kyau a hoto ba.

Hoto ma yana da lokacin da ake ɗaukarsa. A gabashin Unguja ruwa yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma idan ya janye yakan yi nisan ɗaruruwan mitoci, ya bar fili mai duwatsu da turaku. Turakun gonakin ciyawar teku ne, sana'ar da matan Paje da Jambiani suka riƙe tun ƙarshen shekarun 1980, kuma sun riga kowane mai saye zuwa wurin. Yana da kyau mutum ya ga fili lokacin da ruwa ya cika maƙil da lokacin da ya janye, ya kuma gan shi a damina babba ta Maris zuwa Mayu, wadda suke kira Masika, lokacin da ake gane hanyar da mota ke iya bi da wadda ke zama tafki.

Zanzibar ba ta cika fuskantar mahaukaciyar guguwa ba, ko da yake ta 1872 ta share gonakin kanumfarin Unguja. Karibiyan kuwa kowace shekara suna da lokacinta. A Satumban 2017 guguwar Irma ta lalata kusan dukkan gine-ginen tsibirin Barbuda, aka kwashe mazaunansa kaf zuwa Antigua. Wanda zai sayi gida a wannan yanki ya fara tambayar kuɗin inshora kafin kuɗin gidan.

Ko babu guguwa, iskar gishiri tana aikinta a hankali. Tana cin kwanon rufi da ƙyauren ƙarfe da na'urar sanyaya ɗaki, tana shiga cikin siminti ta sa rodi ya yi tsatsa ya fasa ginshiƙi. Rijiyar da aka haƙa kusa da teku takan ba da ruwan zartsi. Kayan gini da yawa sai an ɗauko su a jirgin ruwa daga Darussalam. Gidan da aka rufe aka tafi a irin wannan yanayi yakan tsufa da sauri fiye da wanda ake ciki.

Lissafin Naira da ƙa'idar aiki

Farashin duk da kuɗin waje ake yanka shi, fansho kuwa da Naira ake biya. A farkon 2023 Dala ɗaya a farashin gwamnati tana kusan Naira 460, wato gidan Dala 100,000 ya kama Naira miliyan 46. Bayan an saki Naira a watan Yunin wannan shekara, Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, gidan nan ya koma Naira miliyan 150 ba tare da an ƙara masa ko bulo ɗaya ba. Wanda ya gama biya kafin lokacin ya ci riba a takarda. Wanda ya sa hannu a kan biyan kashi-kashi ya ga bashinsa ya ninka fiye da sau uku. Kuma bayan saye akwai kuɗin ƙasa da na kula da rukuni da na mai gadi da na gyara, duk shekara, duk da kuɗin waje. Ɗan kasuwar da ke samun Dala daga fitar da riɗi ko citta yana da garkuwa a nan, mai jiran fansho ba shi da ita.

Yadda kuɗin zai fita ma abin lura ne. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta bayyana wa jami'an Kwastam duk tsabar kuɗin da ta haura Dala 10,000 a lokacin fita ko shiga. Baya ga doka, turawa ta banki ita ce shaidar da mutum zai nuna ranar da ya sayar da gidan yana son fitar da kuɗinsa daga waccan ƙasa. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu ta wurin ɗan canji ba su bar sawu ba.

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin nauyi. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin aiki, kuma kadarar waje tana ciki, har da ta matar aure da ƙananan 'ya'ya. Dokar hukumar ta kuma hana jami'an da ta lissafa riƙe asusun banki a wajen Najeriya, alhali mai gida a ƙetare da wuya ya rayu babu asusu a can. Kadarar da ta fi ƙarfin albashi, ba a kuma iya bayanin tushenta ba, ana ɗaukarta a matsayin saɓa ƙa'ida har sai mai ita ya tabbatar da akasin haka.

Zama, jinya da gado

Mallakar gida daban, izinin shiga ƙasa daban. Najeriya ta daɗe a jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewar hukumar shige da fice. Tun daga 1 ga Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi masu ziyara sayen inshora ta Dala 44 daga kamfanin gwamnatinta. Wannan ya shafi 'ya'ya da jikoki da 'yan uwan da za su riƙa zuwa gaisuwa, kowanne da bizarsa da tikitinsa.

Gidan ritaya gidan tsufa ne, tsufa kuwa da asibiti yake tafiya. Babban asibitin gwamnati shi ne Mnazi Mmoja a cikin birni, fiye da tafiyar awa ɗaya daga Nungwi ko Jambiani, kuma manyan larurori akan wuce da su Darussalam, kusan awa biyu a jirgin ruwa mai sauri. Mai hawan jini ko ciwon suga ya auna wannan nisa da daddare, ba da rana ba. Wutar lantarkin Unguja ta igiyar ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin ƙasar. Daga Disamban 2009 zuwa Maris na 2010 tsibirin ya yi wata uku a duhu saboda lalacewar layin, kafin daga baya a shimfiɗa sabo. Wanda bai tabbatar zai iya wannan zama ba, hayar gida na wata uku a lokacin damina za ta ba shi amsa a kan kuɗi kaɗan.

Idan mai gida ya rasu, kadarar da ba ta motsi galibi tana bin dokar ƙasar da take. Takardar rabon gado daga kotun Shari'a ta Kano ko Zariya ba za ta sauya suna a rajistar Zanzibar da kanta ba, sai magada sun gabatar da ita a can an bi matakan kotu. A Zanzibar akwai kotunan kadhi da ke duba gadon Musulmi, galibi bisa mazhabar Shafi'iyya, don haka rabon ba zai yi nisa da abin da aka sani a gida ba. A Tailan ko Karibiyan kuwa dokar ƙasar ce za ta yi aiki, kuma mai mata fiye da ɗaya zai iya barin rikicin wace ce doka ta sani a matsayin matarsa. Abin da magada za su gada shi ne ragowar shekarun haya, tare da bashin kuɗin ƙasa idan akwai, kuma izinin zaman da aka bai wa uba ba ya wucewa ga 'ya'yan da suka girma. Saboda haka asalin takardar haya da lambar rajista da rasit na banki da sunan lauyan da ya yi aikin su kasance a wurin da iyali suka sani, tare da fassararsu idan da Swahili ko Fotugal aka rubuta.